Wa Zai Riƙe Manhaja Idan Kamfani Ya Sake Ta?

A ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, busasshen ganyen sabara ko na kalgo yakan shekara hamsin a manne jikin takarda, tare da sunansa da wurin da aka tsinko shi. Manhajar kwamfuta da ake zuba irin waɗannan bayanai a cikinta ba ta cika yin wannan tsawon rai ba.

A dubi BRAHMS, wadda masana tsirrai na Jami'ar Oxford suka ƙirƙiro. An gina ta ne bisa FoxPro, wani tsarin rumbun bayanai da kamfanin Microsoft ya saya a 1992. A 2007 kamfanin ya ce ba zai sake fitar da sabo ba, a 2015 kuma ya janye hannu gaba ɗaya. Idan na'ura ta lalace, mai gyara a Sabon Gari zai tashe ta. Manhajar da aka yi watsi da ita kuwa sai masu rubuta ta, su ma da iyali a gabansu.

Mafita ta rabu. 'Yan sa-kai sun ci gaba da kula da FoxPro a ƙarƙashin VFPX. Masu gina X#, wadda ke karɓar yawancin umarnin FoxPro, sun dogara da kuɗin shekara-shekara daga masu amfani da ita. Oxford kuwa ta sake rubuta BRAHMS, tana karɓar kuɗin lasisi, abin da ba kowane sashen jami'a a Nijeriya ke iya biya da kuɗin waje ba.