Waifai a Gidan Yawa: Kafin Ka Ɗora wa Kamfani Laifi, Duba Rautarka

A hunturun bara wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Aboabo ta aiko ɗanta ya kira ni gidanta a Sakasaka, ba nisa da masallacin Afa Ajura. Ko zama ban gama yi ba ta fara: "Ɗana, mutanen nan sun cuce ni. Datar wata guda na saya, ko mako biyu ba ta yi ba. Kuma in na shiga ɗaki in kira 'yata a Kumasi, sai hoton ya tsaya cik." Na ce, "Hajiya, ina akwatin yake?" Ta nuna mini ƙasa, bayan talabijin. An lulluɓe shi da tsohon mayafi saboda ƙura, na taɓa na ji ya yi zafi rau. Da na buɗe shafinsa na ƙirga wayoyi goma sha bakwai suna jan data, alhali mutanen ɓangarenta shida ne.

Irin wannan nake tararwa a yawancin gidajen da ake kirana a Tamale. Matsalar tana cikin gida, kuma mai gida zai iya gyara ta da kansa in ya san sunayen abubuwa kaɗan.

Akwatin nan mai ƙyaftawar fitilu shi ake kira rauta. A zahiri na'urori biyu ne a jiki ɗaya. Akwai modam, wadda ke karɓo intanet daga kamfani, ko ta sim ko ta igiyar faiba. Akwai kuma rautar kanta, wadda ke rarraba abin da aka karɓo ga wayoyi da kwamfutoci. Ka ɗauke shi kamar ruwan famfo: modam ita ce bututun da ya shigo daga titi, rauta kuwa tankin da ke raba wa ɗakuna. Waifai shi ne hanyar iska tsakanin wayarka da rautar, iyakarsa ke nan. Shi ya sa za ka ga alamar waifai ta cika taf a waya amma ko saƙo ba ya fita: tsakaninka da tanki lafiya lau, bututun titi ne ya bushe. Wanda ya gane wannan bambancin ya huta da rabin wahala.

A nan Gana, ko MTN ka zaɓa, ko Telecel wadda a da ake kira Vodafone, ko AT wadda ta gaji AirtelTigo, kada ka biya kuɗin rauta sai ka gwada. Ari wayar da ke da sim ɗin kamfanin, ka shiga ainihin ɗakin da za ka ajiye akwatin, ka gwada da rana, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da kowa ya dawo gida ya hau. Sabis ɗin da ke gudu a bakin titin Bolgatanga ba lallai ne ya bi ka cikin lungu ba. Sim ɗin rauta ma sai an yi masa rajista da Ghana Card kamar kowane sim, ka tafi da katinka.

To, an kawo akwati. Juya shi, za ka ga takarda manne a ƙasa ko a baya. A kanta akwai sunan waifai, wanda ake rubutawa SSID, da kalmar sirrinsa, da wasu lambobi irin 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Lambobin nan su ne adireshin rautar a cikin gidanka. Haɗa wayarka da waifai ɗin, buɗe Chrome, rubuta lambobin a inda ake rubuta adireshi, sai shafin sarrafa rautar ya buɗe.

Nan ne mutane ke sakaci, kuma nan nake so ka natsu. Mabuɗi biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko shi ne kalmar sirrin waifai, wadda ake bai wa mai son hawa. Na biyu shi ne na shiga shafin sarrafawa, wanda sau da yawa yake zuwa daga masana'anta da kalmar admin kawai. Duk yaron da ya san wannan zai iya shiga ya ga kalmar sirrinka, har ya canza ta ya bar ka a waje. Canza duka biyun tun ranar farko. Kalmar waifai ta kai haruffa goma sha biyu, haɗe da lambobi, kuma kada ta zama lambar wayarka, ko sunan autanka, ko shekarar da ka yi aikin hajji, don duk unguwa ta san su. A wajen tsaro zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. Akwai wani maɓalli mai suna WPS da ke haɗa waya ba tare da kalmar sirri ba. Kashe shi daga cikin shafin. Rubuta sababbin kalmomin a takarda ka adana, domin in ka manta sai an tsikari ɗan ramin da ke bayan rautar da tsinke, komai ya koma yadda ya zo.

Zaman gidan yawa yana da nauyinsa, na sani. Maƙwabcin da kuke cin tuwo tare ba za ka ce masa a'a kai tsaye ba. Sai dai ka sani, wayoyin yanzu suna iya nuna kalmar sirri a matsayin hoton QR, mutum ɗaya da ka bai wa zai iya raba wa goma cikin minti guda. Haka aka yi wa Hajiya. Mafita ita ce sashen baƙi da yawancin rautoci ke da shi: waifai na biyu mai sunansa da kalmarsa daban, wanda za ka iya canzawa duk wata ba tare da taɓa wayoyin iyalinka ba. In kuwa gidan gaba ɗaya ke amfani, ku zauna ku yi karo-karo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a fili. Ya fi a riƙa zargin juna a tsakar gida.

Sai wurin ajiya. Bulon siminti yana cinye waifai, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe sun fi shi ci. Ɗora rautar a sama, kan kanta ko a jikin bango, a tsakiyar ɗakunan da ake amfani da ita, kuma in mai sim ce, kusa da taga. Kada ka rufe ta da komai; ƙurar hunturu a goge ta da busasshen ƙyalle, zafin watan Maris kuwa ya ishe ta ba sai an ƙara mata mayafi ba. In ka ga sunaye biyu, ɗaya mai 2.4 ɗaya mai 5, na farkon ya fi ratsa bango da nisa, na biyun ya fi gudu amma sai a kusa. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba. Ɗakin da ke can ƙarshen gida kuwa, a ja masa kebul daga ramin da aka rubuta LAN zuwa wata rautar. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba.

Wuta ma abin lura ce. Yawancin rautoci bolt 12 suke ci, don haka ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa dominsu yana riƙe su sa'o'i in an ɗauke wuta. Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, zare filogi. Na ga rautoci da yawa da dawowar wuta da ƙarfi ta ƙone.

Wani lokacin laifin daga waje yake, gaskiya ne. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, Gana ta yi kwanaki cikin wahala, ba abin da mai rauta a Sakasaka zai iya yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kashe rautar, ƙirga talatin, kunna. In fitilar intanet ta ci gaba da nuna ja, kuma maƙwabta masu kamfani ɗaya da kai suna kuka, kira kamfanin. In sun yi biris, hukumar kula da sadarwa ta NCA tana karɓar ƙorafin masu amfani da layi.

Hajiya dai mun ɗaga akwatinta sama kusa da taga, muka canza mabuɗan biyu, muka buɗe wa maƙwabta biyu sashen baƙi da yardarta. Datar watan da ya biyo baya ta kai ta ƙarshen wata. Kai ma yau da dare, juya rautarka, shiga shafinta, ka ƙirga wayoyin da ke kai.