Kwamfutar da Aka Ƙure wa Gudu Ta Ƙi Tashi: Ina Matsalar Take?

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan falle na silikon da ake kira firosesa, wanda shi ke yin dukkan lissafi. Aikinsa yana bin bugun wani agogo na lantarki ne, kamar yadda 'yan gayya ke kai sara bisa bugun gangar noma. Ana samun gudunsa idan aka ninka agogon tushe da wata lamba da ake kira lambar ninki. Alal misali, megahaz 100 sau 40 ya ba da megahaz 4,000, wato gigahaz 4, bugu biliyan 4 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ƙure gudu shi ne mutum ya shiga BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar, ya ɗaga ɗayan lambobin nan fiye da yadda kamfani ya tsara. Abin ba sabo ba ne. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A mai lambar ninki 4.5, masu amfani da shi suka ɗaga agogon tushe daga megahaz 66 zuwa 100, gudunsa ya tashi daga 300 zuwa 450.

To, sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne a danna maɓalli, fankoki su juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ɗalibi ya lura da wannan: lokacin da matsala ta bayyana shi ke nuna dalilinta. Firosesar da aka kunna yanzu tana da sanyi, saboda haka da wuya a ce zafi ne ya hana ta tashi, in dai fankarta na zaune daidai. Abin da ya faru shi ne an gajarta tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, har saƙon lantarki bai isa inda za shi ba wani bugun ya zo. Sai 0 ya karantu a matsayin 1, gwajin kai da na'urar ke yi a farkon kunnawa ya tsaya cik. Galibi babu abin da ya ƙone.

Maganin farko shi ne a mantar da ita saitin da aka yi mata. A kashe, a zare waya daga soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fice. Kafin a sa hannu a ciki a taɓa ƙarfen akwatin, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tara wa jiki lantarkin da kan yi tartsatsi. A kan babban allon da ke ciki akwai batiri kamar kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3. A cire shi na kamar minti 5 a mayar, ko a haɗa ƙusoshin nan biyu da aka rubuta wa CMOS kamar yadda littafin allon ya nuna. Saitin kamfani zai dawo.

Idan ta ci gaba da ƙi, a duba ƙananan fitilun da alluna da yawa ke da su, masu alamun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda gwajin ya maƙale. A ganina an cika ɗora wa firosesa laifin RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi. Tsarin XMP na Intel da EXPO na AMD, waɗanda ake kunnawa da dannawa ɗaya, su ma ƙure gudu ne. A bar sandar RAM guda a gwada. A kuma yi haƙuri, domin RAM nau'in DDR5 kan ɗauki mintuna tana daidaita kanta a kunnawar farko.

Daga nan sai a koma ƙa'idar da muke koyarwa a ɗakin gwajin nazarin halittu: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya ƙara wa shuka taki da ruwa da haske rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. A ɗaga lambar ninki da ɗaya, a kunna, a wahalar da na'urar da manhaja irin Prime95, a rubuta sakamako a littafi, sannan a ƙara.

Zafi yana shigowa ne a matsala ta biyu, inda na'urar ta tashi lafiya amma ta daskare ko ta mutu tana tsakiyar aiki. Manoman tumatir na Danja sun san cewa idan zafin bazara ya tsananta fure kan zube ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Ɗumi yana hanzarta aikin sinadaran jikin mai rai, har kusan ninki biyu a kowane ƙarin digiri 10, amma akwai iyakar da in an wuce ta aikin ya rushe. Iyakar firosesocin zamani tana wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, inda suke rage gudu da kansu. Saitin da wani ya gwada a ɗaki mai sanyi a Turai ba lallai ya jure watan Afrilu a Danja ko Funtuwa ba, inda zafin rana kan kusanci digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Wutar janareto mai hawa da sauka ita ma kan kashe na'ura a zaci gudu ne.

Abin da ya fi haɗari shi ne ƙara bolt. Gaskiya ne yana sa saƙo ya isa da wuri, amma zafin da ake samu yana bin gudu sau bolt sau bolt. Ɓarnar da yawan bolt ke yi kuwa ba ta warkewa da cire batiri. Ko kamfanin kansa bai tsira ba: a 2024 Intel ya amsa cewa yawan bolt ne ke lalata wasu firosesocinsa na zubi na 13 da 14, ya fitar da gyaran manhaja, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantinsu.

Ga aiki ga 'yan aji: an ɗaga gudu daga gigahaz 4.0 zuwa 4.6, bolt daga 1.20 zuwa 1.35. Ku nuna cewa gudu ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, zafi kuwa da kusan kashi 45.