Koyar da Zayyana ga Yara a Makarantunmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, iyaye da yawa a nan Diffa sukan tambaye mu hukuncin darasin zane da ake yi wa yara a lakwal da madarsa. Amsa ita ce, mafi yawan malamai sun tafi a kan halaccin zana abin da ba shi da rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shiryar da wani mai yin surori zuwa ga zana itatuwa da makamantansu.

Mu kuwa mutanen kwarin Komadugu muna da gado a wannan fanni. A kusa da kogin nan Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, ya zama matattarar mahaddata da marubuta har faɗuwarsa a 1808. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu na Barno mai tarihin 1669 wanda yake nan har yau. Wannan rubutu mai kauri shi ake kira Barnawi.

Ga yadda magabata suka jera koyarwar, kuma malamin aji zai iya binta:

1. Haɗa kayan aiki. Yaro ya feƙe alƙalaminsa na gamba ko na kara da hannunsa, ya dama tawada da gawayi da ƙaro. Wanda ya sha wahalar tawada ba ya ɓarnar ta.

2. Bin sawu. Malam ya zana harafi a kan allo da bayan alƙalami, yaro ya bi da tawada, har hannunsa ya faɗa.

3. Kwaikwayo. A ajiye masa rubutu a gabansa, ya duba ya rubuta, ya wanke, ya sake. Allo ya fi takarda a nan, domin kuskure ba ya zama a kansa, yaro kuma ba ya jin tsoron gwadawa.

4. Launi. A nuna masa Mus'hafin Warshu na hannu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, alamar wasali da kore. Sai ya gane cewa kowane launi da aikinsa, kuma ado yana hidima ga karatu.

5. Ƙirƙira. Bayan ya iya zana alamar aya, da kumsa, da kuri, da da'irar hizbi, sai a ba shi fili ya tsara zayyanarsa da layuka da murabba'ai, kamar ta allon sauka. A nan malam ya kame hannunsa, ya gyara da baki kawai.

Amfanin wannan a fili yake. Yaro yana samun haƙuri da natsuwa da tsabtar aiki, yana koyon awo da lissafi tun bai san sunansu ba, wataƙila ma ya sami sana'ar da zai ci halal da ita.

Abin tsoro shi ne, bugun inji ya wadata, masu rubutun hannu suna tsufa. Tun hare-haren da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairu na 2015, tsangayu da yawa na bakin kogi suka watse, alarammomi suka yi hijira. Wasunsu suna cikinmu, muna sahu ɗaya da su a masallaci, ba mu san abin da ke hannunsu ba.

Don haka muna kira ga kwamitin kowane masallaci da ya nemi irin waɗannan bayin Allah a unguwarsu, ya haɗa su da shugabannin makarantu, a ware musu ko da sa'a ɗaya ranar Alhamis, a kuma ba su haƙƙinsu. Manoman tattasai da ƴan kasuwa su taimaka da alluna da takarda. A kuma kula: duk abin da aka rubuta aya a kansa, kada a bar shi a ƙasa.

Allah Ya sa mu dace, Ya shiryi zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.