Kafin Ka Ce Mitar Baburinka Ta Mutu, Duba Tayar Gaba

Duk inda ka ga tsohon babur, ko Honda CG125 ne irin na shekarun 1970 da 1980, ko Jincheng da ya sha aikin acaɓa, leƙa kan mitarsa. Sau da yawa za ka tarar allura na kwance a kan sifili, lambobin kilomita sun tsaya tun wata shekarar da mai shi ma ya manta. In ka tambaya, sai ya ce maka, "Ai mitar ta mutu." Abin yana damuna, domin yawancin mitocin nan lafiyarsu ƙalau. Ciwon a ƙasa yake, wajen tayar gaba, kuma gyaransa bai taka kara ya karya ba.

Mitar gudu ta tsohon babur ba da batir take aiki ba. A cibiyar tayar gaba akwai wani ɗan giya da taya ke juyawa. Shi kuma yana murza wata siririyar waya da ke cikin kebur, wayar ta hau har gindin mita, ta juya maganaɗisu. Maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyom ba tare da ya taɓa shi ba, allura kuwa a jikin kofin take. Wani sifirin siriri kamar gashi ne ke mayar da ita sifili idan ka tsaya. Saboda haka daga ƙasa ake fara bincike, a hau sama.

Ka lura da abu ɗaya tukuna. Idan allura da lambobin kilomita duk sun tsaya tare, laifin kebur ne ko giyan taya. Idan lambobi na tafiya amma allura ta ƙi motsi, to a cikin mitar matsalar take. Kwance keburin daga wajen taya, ka kama bakin wayar ciki ka murza da sauri tsakanin yatsunka, wani ya duba maka. In allura ta ɗan zabura, mita da kebur suna da rai. In ba ta motsa ba, gwada murzawa ta ɗaya ɓangaren kafin ka yanke hukunci.

Nan ne nake so ka tsaya. Giyan nan yana da 'yan kunnuwa da dole su faɗa cikin gurbinsu a cibiyar taya. Ranar da aka kai babur wajen mai faci, aka cire tayar gaba, aka mayar cikin gaggawa, ranar mitoci da yawa suke yin shiru. Na tsaya a kan baburin mahaifina ina kallo, yaron shago ya ɗaure noti da ƙarfi alhali kunnuwan ba su zauna ba, suka lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Duk lokacin da za a mayar da tayarka, ka tsuguna ka gani da idonka, ka juya ta da hannu kafin a ɗaure. In kunnuwan sun ɗan karkace, filaya tana miƙar da su. A wanke tsohon giris da ƙurar hunturu ta mayar kamar laka, a sa sabo.

Allurar da ke rawa tana tsalle kuwa, alamar kebur ne ya bushe ko ya lanƙwashe a wani wuri. Zare wayar ciki, ka wanke ta da kananzir, ka duba ko wasu zaruruwanta sun tashi. In sun tashi, sayi sabuwa mai tsawo daidai da tsohuwar. In lafiya take, shafa mata giris kaɗan, amma ka bar kamar taƙi ɗaya na sama a bushe. Wayar tana tura giris sama yayin da take juyawa, kuma in ya shiga cikin mita ya liƙe kofin, allura ta yi nauyi. Wajen mayarwa kada ka yi wa keburin lanƙwasa mai tsini, ka kuma juya kan babur hagu da dama ka tabbata ba ya ɗamewa.

Buɗe mitar kanta shi ne abu na ƙarshe, sai in ta kama kuka, ko gilashi ya fashe, ko raɓa ta zauna a ciki bayan damina. Wasu da sukurori aka haɗa su, wasu kuma da zoben ƙarfe da aka danne bakinsa. Irin na biyun yana buƙatar haƙuri: ƙaramin sukurudireba, kana ɗaga bakin zoben kaɗan-kaɗan har ka zagaye. Da ta buɗe, kada ka goge fuskarta da fetur ko tina, lambobin za su bi tsumman. Auduga mai ɗan laima ta isa. Sifirin nan kada ko yatsa ya kai gare shi. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a inda wayar ke shiga yana kashe kukan. Mai gyaran agogo ya fi bakanike hannun wannan aiki, in kana da shi kusa.

Fitilun mita ba su da wuya. Duba ko baburinka mai volt 6 ne ko 12, domin na farko-farko 6 ne, kuma ƙwan da bai dace ba ko ya ƙone ko ya yi dishi-dishi. In duk sun ɗauke lokaci guda, nemi wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur, a Honda koriya ce, ka kankare tsatsar bakinta. Robobin da mita ke zaune a kansu ma ka canza su in sun bushe, su ne ke tare mata girgizar hanya.

Bayan gyara, ɗaure wayarka ta salula a kan babur, ka kunna manhajar auna gudu ta GPS, ka hau miƙaƙƙen titi mara cunkoso ka kwatanta. In mita ta ɗara kaɗan, haka aka saba yin su. In tazarar ta yi yawa, duba ko an sa maka tayar gaba da girmanta ya saɓa da na asali. Sannan ka rubuta lambar kilomita ranar da ka juye baƙin mai, ka ajiye takardar tare da takardun babur, da ita za ka san lokacin juyi na gaba.