Darasin Wannan Wata: Farin Ɓera Da Ciwon Gwiwa

'Yan'uwa manoma, kowa ya san ɓera, ko kusu yadda wasunmu ke kiransa. A gare mu ɓarawo ne, mai fasa rumbu, mai huda buhu. Amma akwai wani irin ɓera, fari fat mai jajayen idanu, wanda masana suke kiwo a ɗaki mai tsabta don binciken cututtuka. Darasinmu na wannan wata a kan abin da aka koya daga gwiwar wannan ɓera ne, da yadda zai amfane mu a gonakinmu na ƙasar Daura.

Me ya sa muka zaɓi gwiwa? Ku duba cikin ƙungiyarku. Daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'adua, da wuya a sami ƙauyen da babu dattijon da ya bar gonarsa ta nesa domin ƙafa ta ƙi, ko uwar da take dafa bango kafin ta miƙe daga bakin murhu. Idan gwiwar mai gida ta mutu ana tsakiyar noman fari, ciyawa ba ta jira. Sai a ɗauki 'yan ƙodago da kuɗin bashi, ko kuwa a cire yaro daga makaranta. Ashe ciwon gwiwa ba na mai gwiwar kaɗai ba ne.

1. Abin da yake faruwa cikin gwiwa

Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga farin guringuntsi mai santsi a kan ƙarshen ƙashi. Gwiwar mutum ma haka take. Kaurinsa bai fi milimita 2 zuwa 4 ba, shi ne kuwa yake hana ƙashin cinya gugar ƙashin ƙwauri. Guringuntsi ba shi da hanyar jini. Abincinsa daga ruwan da yake cikin gaɓa yake samu, kamar soso: in an taka ya matse, in an ɗaga ƙafa ya tsotsa.

Sa'ad da guringuntsin nan ya fara lalacewa, sai ya yi kaushi, ya tsattsage, ya ƙoƙe. Ƙashin da yake ƙarƙashinsa ya yi tauri, ya fid da tsiro a gefe, gaɓar ta riƙa kumbura. Wannan shi ne irin amosanin gaɓɓai da ya fi yawa, wanda mutane da dama suke kira sanyin ƙashi. Alamunsa su ne zafi wajen tafiya ko tsugunawa, da ƙagewa da safe wadda takan sake kafin rabin sa'a, da ƙara in an lanƙwasa ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 suna da wannan cuta, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa take. Kashi 60 cikin 100 mata ne. Tun a shekarar 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya lura cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake.

2. Don me aka ɗauki ɓera?

A jikin mutum cutar takan yi shekaru goma ko ashirin tana tafiya a ɓoye, ba kuwa yadda za a buɗe gwiwar mai lafiya don a leƙa. Ɓera kuwa duka rayuwarsa shekara 2 ce zuwa 3. Yana da guringuntsi da jijiyoyi a gwiwa masu kama da namu. Cikinsa mako uku ne, yakan kuma haifi 'ya'ya wajen goma, saboda haka ana samun masu yawa iri ɗaya, shekaru ɗaya, abinci ɗaya.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su ana ce masa ɓeran Wistar, gama a cibiyar Wistar ta birnin Filadelfiya a Amurka aka fara kiwonsa a shekarar 1906. Da shi ake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, inda malamai da ɗalibai suke gwada saiwoyi da ganyayen ƙasarmu don su ga ko suna rage kumburi da zafi.

3. Yadda ake gwajin

Kun saba da gonar gwaji ta malamin gona: fili biyu, iri ɗaya, a sa wa ɗaya taki a bar ɗaya, a auna a kaka. Haka nan ake yi. Akan raba ɓeraye kashi biyu ko uku, a bar kashi ɗaya don kwatanci.

Hanyoyin sa cutar guda biyu ne suka fi yawa. Ta farko, a sa wa ɓera maganin barci, a yi masa allurar wani sinadari cikin gwiwa ɗaya, wanda yake kashe ƙwayoyin halittar guringuntsi. Cikin mako 2 zuwa 4 gwiwar ta lalace. Ta biyu, a yanke wata jijiya da take riƙe gwiwa, ko a tsaga ɗan matashin guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwa, gwiwar ta riƙa sagaga. Wannan ya yi kama da mutumin da ya faɗo daga babur ko daga kura, gwiwarsa ta gurɗe.

Ɓera ba ya magana, to, yaya ake sanin yana jin zafi? Akan tsai da shi a kan ma'auni biyu, kowace ƙafar baya a kan nata. Mai lafiya yakan raba nauyinsa daidai. Mai ciwo yakan jingina a kan ƙafa mai kyau, kamar yadda jaki mai ɗingishi yake yi, ma'auni kuwa ya nuna bambancin. A ƙarshe akan duba guringuntsin a madubin likita.

Wannan aiki yana sa dabba wahala, ba a kuwa ɓoye haka ba. Tun shekarar 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idodi uku: in akwai wata hanya kada a taɓa dabba; in ya zama dole a yi da kaɗan; a kuma rage mata wahala iyakar iyawa. Manomi mai kula da shanun huɗarsa ya san wannan hali.

4. Abubuwa huɗu da aka koya

Na ɗaya, rauni yana jawo cutar. Gwiwar ɓera da aka yanke wa jijiya takan fara lalacewa cikin 'yan makonni. A mutum yakan ɗauki shekaru, amma hanyar ɗaya ce. Saurayin da ya gurɗe a filin ƙwallo, ya koma gona da kumburi, yana tara wa kansa ciwon tsufa.

Na biyu, motsi daidai wa daida magani ne, wanda ya wuce kima kuwa ɓarna ne. A Jamus a shekarar 1998 an sa ɓeraye masu lafiya gudu mai tsanani har ya kai kilomita 30, guringuntsinsu ya lalace. A Faransa a shekarar 2004 an sa ɓeraye masu raunin gwiwa gudu kaɗan, da matsakaici, da mai tsanani. Masu kaɗan da matsakaici sun fi waɗanda ba su motsa ba lafiyar guringuntsi, masu tsanani kuwa ba su sami wannan amfani ba. Ku tuna da soson nan. Kwanciya kullum ba ta gyara gwiwa.

Na uku, ƙiba tana cin gwiwa. A Kanada a shekarar 2015 an ciyar da ɓeraye da abinci mai yawan mai da sukari, aka ga gwiwoyinsu sun lalace ko da ba a ji musu rauni ba. A mutane kuma, wani bincike a Amurka a shekarar 2005 ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku. To, in kilo ɗaya na jiki yana haka, sai ku yi tunanin buhun gero a ka, ko jarkar ruwa mai lita 25.

Na huɗu, kashe zafi dabam, warkarwa dabam. Akwai wani magani, tanezumab, wanda tushensa ya fito daga gwaji a kan ɓeraye, ya kuma rage wa mutane zafin gwiwa sosai. Amma a shekarar 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajinsa, domin gaɓɓan waɗansu da suka karɓe shi sun lalace da sauri. A shekarar 2021 kamfanonin Pfizer da Eli Lilly suka bar shi gaba ɗaya.

5. Iyakar ɓera

Ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, cutarsa kuma ta makonni ce. Magunguna da yawa sun gyara gwiwar ɓera, suka kasa a mutum. Har yau babu ƙwaya ko tsimi da aka tabbatar yana mai da guringuntsin da ya ƙoƙe. Saboda haka in mai talla ya zo kasuwa da lasifika yana cewa an gwada maganinsa a jami'a, ku tambaye shi: a kan ɓera ko a kan mutum? Gwajin ɓera share fage ne, ba girbi ba.

Kada kuma a haɗa farin ɓeran bincike da na gida. Na gida da na daji suna ɗauke da cututtuka, har da zazzaɓin Lassa. Shi kam a rufe masa rumbu da kwanon abinci.

6. Abin da za mu yi

(a) In gwiwa ta gurɗe ta kumbura, a huta, a kai ta asibiti a duba. Kada a koma aiki mai nauyi sai ta sake.

(b) A raba kaya biyu, ko a ɗora wa jaki ko kura. Ƙungiya tana iya sayen kura ɗaya ta haya, a fara da tsofaffi da gwauraye.

(c) Kada a daɗe a tsugune. Wajen tsinkar gyaɗa, da wanki, da girki, a zauna a kujera, a riƙa miƙewa lokaci lokaci.

(d) A ƙarfafa naman cinya. Zauna a kujera, miƙe ƙafa sosai, ƙirga zuwa goma, sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma.

(e) Sanda ba abin kunya ba ce. A riƙe ta a hannun da yake gefen ƙafa mai lafiya.

(f) A guji haɗin ƙwayoyi marasa suna. Magungunan zafi irin su diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha, sukan kawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda ya dace da adadinsa. Tsaga da lalas a kan gwiwa kuma sukan buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

(g) In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan ba ciwon tsufa ba ne. A tafi asibiti a ranar. Wanda gwiwarsa ta lalace ƙwarai, daga asibitin Daura ana iya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a shekarar 1959, inda ake aikin sauya gwiwa. Aikin yana da tsada, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mutum nawa ne a ƙungiyarmu suka rage noma bara saboda gwiwa? Mata nawa, maza nawa?

2. Wane aiki ne ya fi cin gwiwar mata a ƙauyenmu? Yaya za a sauƙaƙe shi?

3. Nawa muke kashewa a wata wajen sayen ƙwayoyin zafi? In an tara na shekara, zai kai kuɗin jaki?

4. Gonar wa za mu kai wa gayya kafin ruwan shuka ya sauka?

Magatakarda ya rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, a karanta su a taro na gaba.