Yadda Ake Tsabtace Karan Rogo Kafin a Dasa

Rogo ba da ƙwaya ake shuka shi ba. Karansa ake sarewa a binne, ya yi saiwa ya tsiro. Don haka duk abin da ke jikin uwar, ƙwari ne ko cuta, da shi ɗan zai shiga sabuwar gona. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, amma har yau manomanmu da yawa a gonar maƙwabci suke samo iri, a ɗauro dami a babur, a zube a bakin gona, a hau sara ba tare da an duba ba. A nan asarar take farawa.

Tsabtar iri tana somawa ne tun uwar tana tsaye da ganyenta, domin ganyen ne ke tona asirin abin da ke cikin kara. Shiga gonar ka zaga. Duk rogon da ganyensa ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya murɗe ya ƙanƙance, to ya kamu da cutar mozayik, wadda farin ƙuda ke yaɗawa. Wanda kuma kansa ke bushewa yana gangarowa ƙasa, danƙo na tsattsafowa a jikin karansa, wata cutar ce daban mai ƙona ganye. Ka wuce su duka, komai kaurin karansu. Wannan ne abin da nake so manomi ya riƙe da kyau: waɗannan cututtuka a cikin jikin kara suke, babu wankin da ke fitar da su, kuma babu maganin kasuwa da zai warkar da sandar da aka saro daga uwa mai mozayik. Zaɓi rogo lafiyayye wanda ya yi wata 8 zuwa 18, ka ɗauki tsakiyar karan. Kan ya yi ɗanye, saurin bushewa yake, gindin kuma ya tsufa.

Sai adda. A wasa ta sosai, domin dakusasshiya farfasa kara take yi, ta nan kuma ruɓa ke shiga. A haɗa ruwan bilic, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, a riƙa tsoma bakin addar kafin a koma kan wani karan, tunda ƙarfe na kwasar cuta daga wannan ya kai wa wancan. Bilic yana sa tsatsa, saboda haka idan an tashi aiki a ɗauraye addar a shafa mata mai.

Kowace sanda a yanke ta santimita 20 zuwa 25, da ido 5 zuwa 7. Kada a ɗora karan a kan dutse ana dannawa, idanun ne ke gurjewa. Bayan kowane sara, ɗaga sandar ka kalli bakinta. Lafiyayya nan da nan za ka ga farin ruwa ya taru a gefen ɓawo. Ɓargon da ke tsakiya kuma bai kamata ya wuce rabin faɗin karan ba. Idan bakin ya bushe ƙayau, ko ka ga layi-layi masu ruwan ƙasa a cikin naman itacen, ko rami da garin itace alamar ƙwaro ya huda, jefa ta gefe.

Yanzu aka zo kan wankin kansa, kuma a gindin ido aikin yake. Akwai wani ɗan ƙwaro mai lulluɓe jikinsa da farin gari yana lafewa a wurin, da wani mai manne wa ɓawo har ka ɗauka ƙuraje ne. Kada ka raina su. Na farkon ba ɗan Afirka ba ne. A jikin karan rogo ya shigo daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, ya yi ta cinye gonaki ƙasa bayan ƙasa, har sai da cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi a 1981. Aikin ne ya jawo wa wanda ya jagorance shi, Hans Herren, lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Ka ga abin da iri marar tsabta ya jawo wa nahiya guda.

A sa tsumma mai laushi da ruwan sabulu a goge kowace sanda a hankali, kada a karce idon. Wadda ƙwarin suka yi wa yawa ba ta cancanci wahalar ba. Daga nan a ɗaure su ƙananan damuna a tsoma cikin maganin ƙwari da na ruɓa kamar minti 10, bisa awon da ke jikin kwalbar ko wanda malamin gona ya faɗa, ba da ka ba. Mai tsomawa ya sa safar hannu. Wanda ba shi da halin sayen magani ya daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa su kwana, ya tace ya tsoma a ciki. Yana rage ƙwari, ko da yake bai kai maganin kanti ƙarfi ba.

Bayan an tsame sandunan, a shanya su a inuwa su sha iska, inda awaki da yara ba sa kaiwa. Ragowar ruwan maganin a haƙa rami nesa da rijiya a zuba. Sandunan da aka ware kuwa a ƙone su, domin rogo ko a bakin shinge aka yar da shi yana iya tsirowa da cutarsa.

A dasa a ranar ko washegari, cikin ƙasa mai danshi, a karkace, ido yana kallon sama, kashi biyu cikin uku a ƙasa. Bayan mako 3 zuwa 4 a koma a bi kunya-kunya. Duk tsiron da ya fito da ganye a murɗe a tuge shi, a maye gurbinsa da wata sandar.