Yadda ake buɗe hoton Canal+ a gida, daga dikoda har salula

Duk farantin Canal+ da ke bisa rufi a Madarumfa, daga bakin tabki har hanyar Ɗan Isa, abu guda yake kamawa daga sama. Wanda ya biya da wanda bai biya ba, hoton na sauka gidan kowa, sai dai a kulle yake zuwa. Abin da mai gida ke saye kowane wata izini ne, kuma hannu da hannu yake bi kafin ya iso ɗaki.

Da fari mai haɗa faranti zai ɗaure shi, ya juya fuskarsa yamma wajen tauraron SES-4. Yana murɗawa a hankali, yaro na gaban talabijin yana ƙwala masa "Ya zo! Ya tafi!" har hoto ya tsaya. Katin da ke cikin dikoda kuwa an ɗaura masa aure da ita. Sa shi a dikodar maƙwabci, baƙin allo za ka gani.

Sai biya. Kamfani ba ya bin gida-gida, wakilai yake naɗawa. Ka kai wa wakili lambar dikodarka mai alƙaluma 14, ka faɗi tsarin da kake so, Access ko Evasion ko Tout Canal+. Shi ba ya buɗe komai da hannunsa. Kuɗin yake shigarwa, kwamfutar kamfani ta aiko saƙo ta tauraro da sunan katinka kaɗai. A nan ake yawan sa wa wakili laifin da ba nasa ba: in dikoda na kashe, ko wuta ta ɗauke, saƙon zai zo ya tarar da ƙofa rufe. Kunna ta, ka bar ta a tasha guda, ka je ka sha shayi.

Makullin hoton kansa ba ya daɗewa, duk 'yan daƙiƙoƙi ake sauya shi. Kowane sabo ya zo, kati ne ke duba ko watanka na da saura kafin ya miƙa wa dikoda. Shi ya sa ranar da wata ya ƙare hoto ke mutuwa, ko da ana tsakiyar bugun fanareti.

Izinin salula shi ya fi kawo rigima a gida. Mai gida zai sauke manhajar Canal+, ya buɗe asusu, ya haɗa shi da lambar dikodarsa. Daga nan shi ma ya zama ɗan ƙaramin wakili, shi ke cewa wace waya za ta gani. A wayoyin Android tsarin Widevine na Google ne ke karɓar lasisin kowane fim, ya ɓoye makullin inda mai wayar ma ba ya kaiwa. An kuma ƙayyade yawan masu kallo lokaci guda. In ɗanka ya ce, "Baba, ba ni lambar sirri," karɓi wayar ka buga da kanka. Lambar da aka faɗa da baki, kafin la'asar ta kai Maraɗi, daren wasa kai ne za a kora waje.

Izinin gida na iyali ne kawai. Mai gidan kallon ƙwallo da ke karɓar kuɗin shiga, yarjejeniyarsa da kamfani daban ce, sai ya tambayi wakili tun kafin ya jera benci.